Wane keken ɗaki zan saya don atisayen dogon zango?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Kano, shekaruna 38. Ina da keken tsere na gwanjo da nake fita da shi Asabar da Lahadi, nakan yi kilomita 40 zuwa 50. Burina in kai 120 ba tare da na galabaita ba. Ranakun aiki ba na samun fita, kafin in dawo magariba ta yi, titi kuma ya cika da adaidaita sahu. In sayi keken motsa jiki irin na shagunan kayan wasanni ne, ko in yi odar na'urar nan da ake haɗawa da waya? Ɗaki ɗaya zan iya warewa, wuta kuma ba kullum ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tunda kana da keken da jikinka ya riga ya saba da shi, ban ga dalilin sayen wani keke ba. Abin da kake bukata shi ne ƙarfen da za ka ɗora naka a kai ka riƙa tuƙi a tsaye wuri ɗaya, wanda masu harkar ke kira tirena. Amma kafin tirenan ma, ka fara ware kuɗin fanka mai ƙarfi. Bari in yi maka bayanin dalili, domin a nan ne mafi yawan mutanenmu suke yin asarar kuɗinsu.

Mai neman juriya ba irin mai neman zufa ta minti ashirin ba ne. Kai abin da zai kai ka kilomita 120 shi ne zama a kan sirdi awa ɗaya, awa ɗaya da rabi, wani lokaci biyu, sau uku ko huɗu a mako, wata da watanni. To duk kayan da za ka duba, tambaya ɗaya za ka yi masa: zan iya zama a kansa awa biyu, in kuma dawo masa jibi? Allo mai launi da fitilu da lambobin da ke jikin kwali duk suna bayan wannan.

Zancen fanka. Jikin ɗan Adam, idan yana tuƙa keke, kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na ƙarfin da yake ƙonawa ne kawai ke isa feda. Sauran duk zafi ne. Idan kana danna wat 150 (wat shi ne ma'aunin ƙarfin da ƙafa ke ba feda), wanda shi ne abin da mutum irinka zai riƙe a tuƙi mai sauƙi, jikinka yana fitar da zafin da ya kai wajen wat 500, kusan rabin abin da dutsen guga na lantarki ke fitarwa. A titi ba ka lura da wannan, domin iskar da kake ratsawa tana busar da zufa tana sanyaya ka. A ɗaki babu wannan iskar. Zufa ta zubo ta kasa bushewa, jiki ya yi ta tura jini zuwa fata don neman sanyi, bugun zuciya ya yi ta hawa alhali ƙafa ba ta ƙara komai ba.

Ni da kaina na koyi wannan a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40. Na kafa tirenana na farko a ƙarƙashin fankar sama, ina ganin ta wadatar. Minti arba'in ban cika ba na sauka, kaina na sarawa, ga zufa ta kwanta a siminti kamar an zubar da buta. Agogona ya nuna bugun zuciya ya ƙaru da kusan ashirin a kan yadda na fara, a gudu ɗaya. Fankar sama tana kaɗa iska ne a saman kai da baya, ƙirji da ciki da cinya kuwa, inda zafin yake, ba ta isa gare su. Da na sayi fanka ta ƙasa mai ƙarfen fiffike, irin wadda ake sa wa a shagon ɗinki, na ajiye ta taku biyu a gabana tana kallon ƙirjina, a makon nan na yi awa ɗaya da rabi lafiya lau. Tunda ka ce wuta ba kullum ba, ka haɗa da fanka mai caji, babba, wadda za ta iya awa biyu a kan gudunta na ƙarshe. Ka gwada wannan a shago ko ka tambayi wanda ke da irinta, domin awannin da ake rubutawa a kwali yawanci na ƙaramin gudu ne. Ranar da babu fanka ko ɗaya, a lokacin bazara, ka bar atisayen. Kuma don Allah kada ka kunna janareto a bakin tagar ɗakin ko a cikin baranda a rufe: hayaƙinsa yana da guba marar wari, ga shi kana jan numfashi ninkin-ba-ninkin na mai zaune.

Yanzu tirena. Iri biyu ne manya.

Na farko shi ne wanda kake barin tayar baya a jikin keke, a matse ƙarfen tsakiyarta ta gefe biyu, tayar ta riƙa gogar wani ƙaramin gangan ƙarfe. Nauyin tuƙin yana zuwa ne ko dai daga maganaɗisu, ko daga fiffiken da ke juyawa a cikin wani mai mai kauri da aka rufe. Mai man nan na fi so. Iya yadda ka ƙara gudu, iya yadda yake ƙara nauyi, kamar dai yadda iska ke yi maka a titi, giyar kekenka kuma ita ce abin sarrafawa. Ba ya shan wuta ko kaɗan, babu abin lantarki a cikinsa da zai ƙone, yana naɗewa a jingina shi a bango. Kamfanonin Kinetic da Saris da Elite duk sun daɗe suna yin irinsa. Aibinsa: yana cin taya. Bayan 'yan makonni za ka ga baƙin gari a ƙasa, tsakiyar tayar ta baje. Maganin shi ne ka sa tsohuwar taya mai santsi, ko tayar da aka yi musamman don tirena, in da hali ma ka nemi wili na biyu a wurin mai gyaran keke, na ɗaki daban na titi daban. Taya mai ƙuraje irin ta keken daji kuwa ƙararta za ta hana iyalinka barci. Ka riƙa ba tayar iska daidai gwargwado kowane lokaci, matsin gangan ma daidai, in ba haka ba atisayen yau da na jiya ba za su gwadu ba.

Na biyu shi ne wanda kake cire tayar baya gaba ɗaya, ka ɗora kacar kekenka kai tsaye a kan haƙoran giyar da ke jikin tirenan. Babu cin taya, babu zamewa, ƙara kaɗan ce. A cikinsa akwai faifan ƙarfe mai nauyi wanda ke riƙe juyi, shi ke sa ka ji kamar keken na gangarawa da kai. Na tirenan KICKR Core na kamfanin Wahoo, misali, kilo 5.4 ne, na babban KICKR kuma kilo 7.3. Mafi yawan irin waɗannan suna auna ƙarfin ƙafarka da wat, kuskurensu bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba, kuma suna magana da waya ko kwamfuta ta Bluetooth ko ANT+, wata hanyar haɗi marar igiya ta kayan wasanni. Akwai tsarin da ake kira ERG: ka ce masa wat 150, shi zai riƙe ka a nan, ko ka yi saurin juya feda ko ka sassauta. Ga mai atisayen juriya wannan abu ne mai daɗi ƙwarai, domin babbar matsalarmu ita ce zarce iyaka ba tare da mun sani ba.

Sai dai ga inda yanayinmu ya shigo. Yawancinsu sai da wuta. In an ɗauke ana tsakiyar tuƙi, nauyin ya saki, lambobi su ɓace. Wutar da suke ja ba ta da yawa, kusan kamar ta laftop ce, ƙaramar inbata ko sola ta gida za ta riƙe su. In ba ka da ko ɗaya, to akwai Tacx Neo, na kamfanin Holan ɗin nan da Garmin ta saya a 2019, wanda ke samar wa kansa wuta daga tuƙinka. Sai dai yana cikin masu tsada. Kuma kada ka jona irin wannan na'ura kai tsaye a bango ba tare da abin kare ta daga hawa da saukar wuta ba. In allon cikinta ya ƙone, ba aikin bakanikenmu na unguwa ba ne, aikawa waje kuma kuɗinsa ya kusa na sabuwa.

Kafin ka tura ko kwabo, ka kai kekenka wurin mai gyara ku duba abu uku tare. Haƙoran giyar baya nawa ne, 8 ne, 9, 10 ko 11? Irin waɗanda ake zurawa a kan gindi mai tsagi ne a ɗaure da zobe, ko irin na da ne da ake murɗawa gaba ɗaya kamar noti? Kekuna na gwanjo masu giya 6 ko 7 da yawa irin na da ne, kuma waɗannan haƙoran ba sa hawa tirena mai cire taya. Sannan ƙarfen tsakiyar tayar: siririn nan ne mai hannun buɗewa, faɗin milimita 130 ko 135, ko mai kauri ne na milimita 12 da ake zurawa, faɗin 142? Na san mutumin da ya jira kayansa wata biyu a hanya, suka iso, keken ya ƙi hawa, saboda ba wanda ya gaya masa ya duba wannan. Tirenan ya yi shekara a kwali.

Kada lambar da ake talla da ita ta ruɗe ka, wai wannan yana ɗaukar wat 1,800, wancan 2,200. Na masu gudun ƙarshen tsere ne, na daƙiƙa goma. Kai rayuwarka tana tsakanin 120 da 250.

Akwai kuma rola, ganguna uku da ake ɗora keke a kai ba tare da an ɗaure shi ba. Tana koya wa mutum daidaita jiki da juya feda sumul. Ba zan ba ka ita a matsayin kayan farko ba. Awa biyu a kanta hankalinka ba zai huta ba.

Sai keken shago da ka ambata. Ba na kushe shi gaba ɗaya, yana da wurinsa. Asalin irin mai babban faifai a gaba ma daga mai dogon zango ya fito: Johnny Goldberg, ɗan asalin Afirka ta Kudu da ke zaune a Kalifoniya, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980 lokacin da yake shirin tseren ratsa Amurka. In da a ce ba ka da keke, ko kuma uwargida da yara manya za su riƙa hawa tare da kai, to shi ne ya fi dacewa, domin ana ɗaga sirdinsa a sauke cikin minti ɗaya. Amma ka rarrabe. Akwai ƙananan nan marasa nauyi masu naɗewa, masu faffaɗan sirdi mai laushi kamar kujerar babur. Waɗannan an yi su ne don minti goma sha biyar. Sirdi mai laushi da faɗi yana da daɗi a shago, bayan minti arba'in sai ya fara gogar cinya, ƙashin zama ya nutse, nauyi ya koma kan wurin da bai kamata ba, har mutum ya ji gabansa ya mutu. Araha ba ta ado.

In shi za ka saya, ka je shagon da wandon atisaye da awon tela a aljihu. Sirdin ya zama yana hawa yana sauka, yana kuma matsawa gaba da baya. Kan keken ma haka. Ka tabbata za a iya cire sirdin a sa irin na kekenka, fedar ma a canza ta. Ga ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi: ka tsaya ba takalmi, ka matse littafi a tsakanin cinyoyinka, a auna daga ƙasa zuwa saman littafin, ka ninka da 0.883. Abin da ya fito shi ne nisa daga tsakiyar inda ƙarfen feda ke juyawa zuwa saman sirdi. Mai santimita 84 zai samu kusan 74. In keken bai kai nan ba, ko mai shago ya rage maka rabin kuɗi ka bar shi. Ka auna tazarar da ke tsakanin feda biyu kuma. A keken tsere wajen santimita 15 ce, a kekunan ɗaki masu araha takan kai 19 ko 20, ƙafa ta buɗe kamar mai hawan jaki. Yi lissafi: juyi 90 a minti, awa biyu, juyi 10,800 ke nan. Gwiwar da ta karkace kaɗan sau 10,800 za ta gaya maka da safe. Ka zaɓi mai maganaɗisu a kan mai ƙyallen da ke gogar faifai, domin ƙyallen yana cinyewa, yana ɗaukar zafi, nauyinsa na canzawa ana cikin tafiya, ƙurar hunturu kuma tana sa shi kuka. Mai bel ya fi mai kaca shiru da sauƙin kulawa. Sannan ka hau ka miƙe tsaye a kan feda ka danna da ƙarfi. In ya yi rawa ko ya yi ƙara a gindi, a gida sai abin da ya ƙaru.

A cikin kekunan da ke tsaye da kansu, wanda na fi yarda da shi don yanayi irin namu shi ne Concept2 BikeErg, wanda ya fito a 2017. Iska yake kaɗawa, allonsa da batir yake aiki, yana nuna wat na gaskiya, ba ruwansa da wutar gari. Wattbike na Ingila ma akwai masu aiki da iska a cikinsu. Matsalar kawai tsada da kuɗin dako. Peloton kuwa, keken ɗakin nan mai allo na Amurka, rabin amfaninsa yana cikin darussan da ake biya duk wata ta intanet. Ba ka bukatarsa.

Game da lambobin da kekunan shago masu araha ke nunawa, gudu da nisa da kalori, kada ka gina komai a kansu. Ƙiyasi ne kawai daga juyin faifai. Abin da zai yi maka aiki shi ne ɗamarar ƙirji mai auna bugun zuciya, ta Polar ko Garmin ko Wahoo, da ɗan ƙaramin abin da ake liƙawa a ƙarfen feda yana ƙirga juyi. Ɗamarar ta fi agogon hannu daidai idan zufa ta yi yawa. Da waɗannan biyun da tirena mai mai, wallahi ka isa ka gina juriyar kilomita 120. Binciken da masanin kimiyyar motsa jiki Stephen Seiler ya yi a kan ƙwararrun 'yan wasan juriya ya nuna kusan kashi 80 na atisayensu mai sauƙi ne, kashi 20 ne kawai mai tsanani. Sauƙin nan kuwa ma'auninsa a bakinka yake: in kana iya yin magana jimla guda cikakkiya ba tare da ka yanke don numfashi ba, kana daidai. Masu auna wat suna sa shi tsakanin kashi 56 zuwa 75 na ƙarfin da mutum zai iya riƙewa na kusan awa ɗaya. Ka riƙe juyin feda tsakanin 85 da 95 a minti.

In kana shakkar ko tuƙin ɗaki na iya maye gurbin titi, ka tuna Mathew Hayman, ɗan Ostareliya. Ya karye a hannu a wani tsere a Beljiyam a ƙarshen Fabrairun 2016. Ya koma garejin gidansa ya yi ta tuƙi a kan tirena da manhajar Zwift, makonni shida bayan karayar ya ci Paris-Roubaix, tseren da ya haura kilomita 250 mai ratsa hanyoyin duwatsu. Shekarun da ya yi a titi ne suka gina shi, amma ɗaki ne ya riƙe masa abin da ya gina.

Manhaja ba dole ba ce. Zwift tana ɗebe kewa sosai, kana ganin kanka kana tafiya tare da mutane daga ko'ina, sai dai ana biyanta duk wata da kuɗin waje, tana kuma son intanet da ba ya yankewa. MyWhoosh ta Abu Dhabi kyauta ce, amma tana son waya ko kwamfuta mai ƙarfi. Ni a tuƙi mai sauƙi karatu nake saurara ko rediyo, agogo na gabana, kuma shekaru ke nan haka.

Sauran ƙananan kaya, waɗanda rashinsu ke sa a daina. Wandon keke mai soso a ciki, guda biyu, a sa shi ba tare da wani wando a ƙarƙashi ba, a wanke bayan kowane hawa. A ɗaki keke ba ya rangaji kamar a titi, nauyinka na wuri ɗaya, don haka duk minti goma ka miƙe tsaye a feda na rabin minti. Ka sa katako ko tsohon littafi mai kauri a ƙarƙashin tayar gaba in tirenan ya ɗaga baya, don kada ka yi ta zamewa kan hannuwanka. Shimfiɗar roba a ƙasa. Tawul a kan keken, kuma wannan kada ka yi wasa da shi. Wata rana na kwance naɗin kan kekena don in canza, na tarar da farin gari a ƙasa kamar kanwa, alminiyon ya rarake har ina tura farce a ramukan. Gishirin zufar shekara guda ne ya ci shi a ɓoye, kuma da wannan kan nake gangara titi ranar Asabar. Tun daga ranar, ina sauka nake goge keken da jiƙaƙƙen ƙyalle, boris ɗin wuyansa kuma ana sa masa giris akai-akai. Lokacin hunturu ka lulluɓe tirenan da tsohon zani in ka gama.

Ruwa: gora biyu a kusa da hannu. Ka hau sikeli kafin ka fara da bayan ka gama. Duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta fita. In zaman zai wuce awa ɗaya da rabi, ka sa ɗan gishiri da sukari a gora ɗaya, ka ajiye dabino a faranti kana ɗauka. Da azumi ka mayar da atisayen bayan tarawihi ko kafin sahur, ka rage tsawonsa. Da yake ka doshi arba'in, ka je a auna maka jini kafin ka fara. In akwai hawan jini, ko ciwon suga, ko ka taɓa jin ƙirjinka ya riƙe a kan keke, maganar likita ce a gaba da tawa.

In na gwanjo ka samu, wanda shi ne abin da na fi zata, ka ɗora kekenka ka yi minti goma a gaban mai shi. In tirena mai mai ne, ka shafa hannu a ƙasan tukunyar da man yake ciki ka ga ko tana yoyo. Mai lantarki, ka haɗa shi da wayarka a nan take, ka ga wat yana fitowa, ka ƙara nauyi daga wayar ka ji ya amsa, ka kasa kunne ko akwai ƙwanƙwasa a ciki, ka kuma tabbata cajarsa ta asali da ƙananan ƙarafan da ke daidaita faɗin gindin keke suna nan cikin kwalin.

Da ni ne kai, da wutar da ka kwatanta, tirena mai mai zan saya, da fanka biyu, da ɗamarar ƙirji, da wili na biyu. Talata da Alhamis awa ɗaya-ɗaya cikin sauƙi, Laraba minti arba'in da biyar mai ɗan zafi, Asabar a fita titi ana ƙara kilomita goma duk mako biyu. Ranar da ka sa sola a gida, sai ka sayar da shi ka koma mai lantarki. Ka ɗauko mini hoton tayar bayan kekenka ta ɓangaren kaca, da kusa, yadda zan iya ƙirga haƙoran in ga irin ƙarfen tsakiyar, sai in gaya maka wanda zai hau.